Kafaɗar Aro Ba Ta Shaida

Kafin rana ta leƙo layinmu, Baba Mai Kafaɗa ya riga ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya fito da benci. Sai ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya jera magagari da sukudireba da tsumma da 'yar kwalbar mai. Daga nan ya leƙo shagona da ke kallon nasa, inda nake gyaran rediyo, ya ce, "Mai rediyo, yau da wace ƙarya kuka tashi?" Ni kuma in ce, "Kai ka huta, Baba, kunne ɗaya gare ka, rabinta za ka ji." Da wannan muke karyawa tun gemuna yana baƙi.

Sana'arsa saye da sayar da bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Masu sayenta manoman bakin daji ne da birai da aladu suka hana sakat, sai 'yan tsirarun maharba, kuma duk wanda bai zo da izinin hukuma ba shayi kawai zai sha ya tashi. Lafiyayyar bindiga ba ta zuwa shagon nan. Abin da ke zuwa shi ne wadda ƙotarta ta tsage, da wadda tsatsa ta cinye kunamarta, da bututun da magada suka tsinta a ƙarƙashin gado. Baba ya saya, ya wargaza, ya ɗauki mai rai daga nan ya haɗa da mai rai daga can. 'Yan haɗi yake ce musu.

Bai taɓa ɓoye wa mai saye haka ba. Sai ya kwantar da bindiga a kan bargo ya shiga karanta mata asali. "Bututun nan na wani maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Kunamar daga wata ce da gobara ta ci. Ƙotar kuwa kafintan bayan layi ya sassaƙa. Ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba, zaman haya suke yi." Wani dillali ya taɓa kawo mai son tsofaffin kaya na ado, ya ja Baba gefe ya roƙe shi ya ce bindigar ɗaya ce tun fil azal. Baba ya karkato kunnen da ba ya ji, ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji, ya ce, "Me ka ce? In ce masa ba haɗi ba ce?" Dillalin bai sake bi ta layinmu ba sai da damina ta wuce.

Amma abin da ya ba shi sunansa daban ne. Baba ba ya sayar da bindigar da bai harba da kansa ba. Yakan kai ta kwazazzabon bayan gari, ya ɗaure ta a jikin kututture, ya ja da baya ya fizgi kunama da igiya. Idan ta tsira, sai ya sake ɗurawa, ya ɗora ta a kafaɗarsa, ya manna kuncinsa inda mai saye zai manna nasa, ya harba. Na sha yi masa tsiya a kan wannan. Na ce igiya ta isa, tunda ta nuna bututu bai fashe ba, sauran neman suna ne. Ya ce, "Igiya tana da ido? Ƙarfen da bai taɓa sanin ɗan'uwansa ba, ina ka san inda zai tofa wuta? Wanda zai saya fuskarsa zai kai, ba igiya ba."

Na daina wannan tsiyar ranar da wani manomi mai ido ɗaya ya zo sayen bindiga. Ƙaya ce ta tsiyaye masa ɗayan tun yana matashi. Ya zaɓi wata kyakkyawa, Baba ya ce mu je, na rufe shago na bi su don tsegumi. A igiya ta yi lafiya lau. Da Baba ya ɗora ta a kafaɗa ya ja, sai wuta ta yi tsartuwa ta baya, ta wanke masa gira da gefen fuska. Ya ajiye bindigar a hankali, ya tsuguna yana dafe da fuska, ƙaurin gashi ya cika wurin. Manomin nan ya tsaya hannunsa a kan idonsa mai gani. Baba ya ɗago ya ce masa, "To, ka ga wannan ba taka ba ce. Ka dawo mako mai zuwa." Girar ba ta sake tsirowa ba har yau, kuma daga ranar idon hagu ne ya fi yi masa aiki, na daman ya riƙa dushewa.

Kai ne, Baba, ka karɓi abin da ba naka ba, kuma ko a hira ban taɓa jin ka kawo zancen ba. Mai kafaɗar jama'a, mai fara ɗanɗana wa baƙo. Kunnenka ya tafi a kwazazzabon nan kaɗan-kaɗan, kafaɗarka ta yi kanta, mu kuma muna maka dariya kana taya mu.

Bara idon hagun ma ya fara yana. 'Yarsa ta fari ta kai shi asibiti aka yi aiki, aka dace, ya dawo yana karanta lambar mota daga nesa yana mana alfahari. Sai dai likita ya kafa masa sharaɗi: can cikin idon ya yi rauni, duk wata jijjiga mai ƙarfi a kai na iya rufe shi, kuma in ya rufe ba gyara. 'Yar ta zo shago da kanta ta faɗa mini a gabansa, don ta san halin mahaifinta. Ta ce, "Kawu, amana na ba ka. In ka ga ya nufi kwazazzabo, ka kira ni." Baba ya ce, "Ku ji yarinya, ta naɗa mini mai gadi. Wannan da ƙarar faɗuwar kwano ke sa shi salati?"

Ana nan sai ga manomi mai ido ɗaya, ya tsufa shi ma, tare da ɗansa wanda gonar ta koma hannunsa. Birai sun dame su, tsohuwar bindigar ta gaji. Akwai wata 'yar haɗi a rataye da Baba ya gama kafin aikin ido, bai kai ga gwada ta ba. Manomin ya san labarin likita. Ya ce, "Yaya, ba sai ka harba ba. Hannunka ne ya haɗa, ni na yarda. In akwai wanda ya san ka a duniya, ni ne."

Baba ya sauko da bindigar, ya ce mu je. Na kira 'yarsa a waya kamar yadda na yi alkawari, ya harare ni da sabon idonsa, na yi kamar ban gani ba.

A kwazazzabo ya ɗaure ta a kututture, ya ja igiya, ta tashi da ƙara mai kyau, hayaƙi ya baje. Ya duba bututu, ya shafa ƙota, ya sake ɗurawa. Sai ya ɗora ta a kafaɗa. Daidai nan 'yarsa ta sauko daga babur, ba ta yi ihu ba, ta ce kawai, "Baba." Na san taurin kansa. Na ce, "Ba ni, ni in harba." Ɗan manomin ma ya ce a ba shi, ai shi zai yi aiki da ita.

Baba ya daɗe a tsaye, kunci a jikin ƙota. Sannan ya sauke ta. Ya ce mini, "Mai rediyo, na gode, amma ko ka harba ba ka san abin da za ka saurara ba. Kafaɗar aro ba ta shaida." Ya juya wajen saurayin ya ce, "Kai kuma in kai ka fara harbawa, to, me na sayar maka?" Ya mayar da ita kututture, ya ja igiya ya sauke ɗurin, ya zauna a ƙasa ya zaro sukudireba daga aljihu. A gabanmu ya raba ta, bututu gefe, kunama gefe, ƙota gefe.

Manomin ya ce, "Haba Yaya, na ce na yarda da kai."

Baba ya ce, "Shi ya sa. Da ba ka yarda ba, da ka duba da kanka."

Ya kwatanta musu wani mai sana'ar a wani gari, wanda ya ce ya taɓa ganin yana gwada kayansa. Washegari Baba ya mayar wa wanda ya ba shi hayar shagon makullinsa. Ba wanda ya kore shi, hannunsa bai fara rawa ba, masu saye ba su ƙare ba. Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye ba, kuma na ga hawaye a idon da aka yi wa aiki, ya ce wai maganin ɗigawa ne.

Yanzu a gidan 'yarsa yake, yana zama a tsakar gida yana gyara wa maƙwabta kwado da fitila, yana faɗa da jikoki a kan ƙarar talabijin da shi kaɗai ne ba ya ji. Baba, mun gode. Na gode a madadin manoman da suka koma gida da fuskokinsu yadda suka fito da su, ba su ma san abin da aka ɗauke musu ba. Allah ya bar maka idon nan, ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mu kuma da ke sayar wa mutane abin da za su kai jikinsu, mai haɗa birki da mai jan wayar wuta da mai ɗora rufi, kowa ya san inda igiyarsa take tsayawa, ya kuma san abin da ke bayanta. Ni dai tun da aka rufe shagon nan, in na gyara rediyo mai aiki da wuta, ba na miƙa wa mai ita sai na jona ta, na kama ta da hannuna.