Akwatin da Aka Mayar Kore

Duk wanda ya san Zulaihat Mujitaba a Bebeji ya san ba ta iya haɗiye fushi ba. Idan ranta ya ɓaci, jijiyar goshinta ce take fara tashi kafin bakinta. Haifaffiyar Tiga ce, a gidajen ma'aikatan ruwa da ke gefen dam ta girma, tsakanin ƙarnin kifi da ƙarar injinan ban ruwa. Tun tana firamare malamai suke cewa kanta yana ja, sai dai ba ta da sauƙin zama. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta auri Malam Abdussalami, wani malamin Islamiyya mai sanyin hali, suka zauna a Bebeji. Nan ta kama ɗan shago kusa da tasha, tana buga takardu, tana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, tana kuma gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafukan intanet.

A wannan shagon abin ya fara ci mata rai. Kusan kullum sai wani ya shigo da waya a hannu, fuska a yamutse, ya ce an tura shi wani shafi amma ya ƙi buɗewa. Wani shafin yakan buɗe, sai dai madannin da za a taɓa ya mutu murus. Wani kuma sunan mutum zai ɓata, a rubuta Ɗanasabe, harafin farko ya fito kamar ɗan bulo. Masu wayar kansu suke zargi, su ce ko jahilcinsu ne. Ita kuwa ta san inda matsalar take. Burauza, wato manhajar da waya take buɗe shafuka da ita, iri-iri ce, kuma ba duka suke gane sababbin dabarun da maginan shafi suke amfani da su ba. Magini yana zaune a Abuja da waya mai tsada, komai yana tafiya a hannunsa, sai ya ɗauka haka duniya take.

"Su waye suke yi wa aikin?" haka take tambayar mijinta, tana buga tafin hannu a cinya. "Kansu?"

Shi dai yakan ce, "Allah ya huci zuciyarki, Maman Hamdiyya."

Ba ta huce ba. Ta bi masu gyaran waya na bakin tasha tana karɓar tsofaffin wayoyin da aka yi watsi da su, masu fasasshen gilashi da masu kumburarren batir, ta cika wani babban faranti da su. Daga nan ta gina allo a intanet, ta sa masa suna "Zai Buɗe?" A gefe ta jera dabarun da magina suke bukata: ɗora hoto, karanta wurin da mutum yake, ajiye shafi don lokacin da babu sabis, nuna haruffan Hausa masu lanƙwasa. A sama ta jera burauzocin da mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke da su a aljihu. Inda biyun suka haɗu akwai ɗan akwati. Kore yana nufin abin yana aiki, ruwan ɗorawa yana nufin da sauran gyara, ja kuwa kada ma magini ya soma. Ba ta canza wa akwati launi sai ta ɗauki waya daga farantin ta gwada da yatsanta.

Aiki ne marar ƙarewa, don burauzocin ba sa zama wuri ɗaya. Abin da ya yi aiki da damina sai ya lalace da kaka. Amma a hankali magina na Kano da Zariya suka fara leƙa allon, wasu har suna turo mata tambaya. Cikinsu akwai Umar, wani ƙwararren magini ɗan Tudun Wada da ke aiki a Abuja. Shi ya gyara wa allon fasali, ya sa yana buɗewa da sauri, ya kuma riƙa kai sunansa tarukan masu fasaha. Zulaihat ta yarda da shi. Da ta tashi komawa gida Tiga wankan jegon ɗanta na biyu, shi ta damƙa wa mabuɗin allon.

Ta dawo ba da daɗewa ba, wata ranar Asabar da hantsi, tana share ƙurar da ta taru a kan firinta, sai ga Kawu Isa, ƙanin mahaifiyarta. A Badafi yake zaune, amma yana noman rani a wata gona da ke can ƙarshen layin ruwa, sai ranar da ruwa ya zo kansa yake hawa babur ya je. Sallamar da ya yi ma a ciki ta tsaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a gajarce, ya ajiye wayarsa a kan tebur.

"Karanta min nan, Zulai. Wace rana aka rubuta?"

Ta duba. Shafin ƙungiyarsu ta masu noman rani ne, wanda ke nuna ranar da za a sakar wa kowane layi ruwa. "Alhamis, Kawu."

"To, Alhamis na je. Kanal a bushe ƙamas. Wai tun Talata aka ba mu ruwa, aka rufe don gyaran kwalbati. Dashen tumatir ɗina duk ya kwanta. Ba ni kaɗai ba, duk mu na nesa haka aka yi mana." Ya goge fuska da bakin rawani. "Na je wurin yaron da ya yi abin, ya ce a allonki ya ga an ce zai yi aiki."

Ta buɗe shafin a kwamfutarta, ya nuna Talata, har da sanarwar gyaran. Ta koma kan wayar Kawu, Alhamis tana nan daram. Nan take ta gane. Burauzar da ke cikin wayarsa, wata ƙarama da ke zuwa a cikin wayoyi masu arha, takan ajiye shafi amma ba ta komawa ta ɗauko sabo. Da hannunta ta gwada wannan tun bara, da hannunta ta sa masa ja. Ta buɗe allon. Akwatin ya zama kore shar.

Ta kira Bilal, matashin da ya gina wa ƙungiyar shafin. Ya ce, "Wallahi Anti, kore na gani. Da ja ne da ban bi ta nan ba."

"Kai ba ka da hannu? Ba ka iya aron wayar manomi ɗaya ka gwada ba?"

Ta kashe wayar, ta kira Umar. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Malam Umar, wa ya taɓa akwatin ajiye shafi?"

"Ni ne," ya ce, hankalinsa kwance. "Kamfanin ya fitar da sanarwa, sun gyara a sabon zubi. Na karanta da idona."

"Ka karanta. Ka gwada?"

"Na gwada a wayata, ya yi."

"Wayarka! Sabon zubin nan ba ya hawa wayar da ta wuce shekara uku, ka sani. Wayar wa ka taɓa gani sabuwa a Badafi?"

"Hajiya, ki saurare ni. Ba ƙarya na rubuta ba. Burauzar tana iyawa yanzu, wannan gaskiya ce. Kuma allon nan ya cika ja da yawa. Na nuna shi a taro, wani ya ce in dai za a bi shi, to a koma aika saƙo da ɗan aike. Ba za mu ɗaure magina da igiyar tsofaffin wayoyi har abada ba. Mutane su sabunta."

"Da me za su sabunta? Da tumatirin da ya mutu?" Muryarta ta tashi har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo. "Kawuna yana zaune a gabana, gonarsa ta bushe saboda kana jin kunyar ja a gaban mutanen taro. Ni na damƙa maka amana, ka mayar min da allo kayan ado!"

"Allah ya mayar masa da alheri," in ji Umar. "Amma laifin na maginin shafin ne da bai gwada ba."

Ta katse wayar don kada ta faɗi abin da za ta yi da-na-sani. Kawu Isa, wanda bai fahimci rabin maganar ba, ya miƙe ya ɗauki wayarsa. "Ni dai ban san kore ko ja ba," ya ce. "Da can Ɗanasabe sakatare yana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ku 'yan boko kuka ce an daina, ga na zamani." Ya fita. Wannan "ku" ɗin ta fi komai ƙona mata rai, don ya haɗa ta da su, kuma ba ta da bakin musawa.

Kafin azahar ta mayar da akwatin ja, ta canza mabuɗin allon. Washegari ta goya jaririnta, ta hau mota zuwa Tiga, ta sa ɗan acaba ya kai ta gonar. Fangali bayan fangali, ƙasa ta tsattsage, 'yan tsiran sun kwanta kamar zaren da aka yar. A gonar maƙwabcinsa, wanda gidansa ke kusa har ya ji ƙarar ruwa ranar Talata, ganye sai sheƙi yake. Ta tsaya tana kallo, tana jijjiga yaron da ba kuka yake ba.

Ranar da ƙungiyar ta zauna a ƙarƙashin mangwaron bakin kanal, ta je, ta tilasta wa Bilal ma ya zo. Ba ta ji da daɗi ba. Wani dattijo ya ce a rufe shafin kowa ya huta. Wani ya tambaya wa ya ɗora wa mace duba wayoyin mutane tun farko. Ta ce a gafarce ta, ta miƙe.

"Baba, ba wanda ya ɗora min, ni na ɗora wa kaina, kuma ba zan sauke ba. Abin da ya faru an yi muku ba daidai ba, ba na kare kowa. Amma ku ba ni wayoyinku yanzu, a nan, kowa ya ga abin da tasa take nunawa."

Suka yi ta gunaguni, amma suka miƙo. Ita da Bilal suka zauna a tabarma suna buɗe shafin a waya bayan waya. Fiye da rabi tsohuwar rana suke nunawa. Bilal ya cire dabarar ajiye shafin gaba ɗaya, ya sa kwanan wata da manyan baƙi a sama, yadda ko tsohon shafi mutum ya gani zai san tsoho ne. Dattawan suka yanke cewa Ɗanasabe zai ci gaba da kiran na nesa duk ranar da aka canza lokaci. Zulaihat ba ta ja da wannan ba.

Tumatirin dai ya tafi. Lokacin sake dashe ya ƙure, Kawu Isa ya zuba masara a gonar don kada ta zauna haka. Ya daɗe yana amsa gaisuwarta a daƙile.

Umar bai ba da haƙuri ba, ita ma ba ta neme shi ba. Bayan 'yan watanni ya buɗe nasa allon, mai kyan gani, wanda ke kwaso bayanai kai tsaye daga sanarwar kamfanoni ba tare da kowa ya taɓa waya ba. Kusan duka kore ne. Magina da yawa suka koma can, don ya fi daɗin kallo, kuma ba ya hana su abin da suke so. Ranar da ta ga an yaba masa a wani zauren magina, ta yi jifa da linzamin kwamfuta har ya fashe. Malam Abdussalami ya tsince ɓaraguzan, ya ce ko za ta bar abin nan haka, tunda ba wanda ya sa ta.

"In bar musu? Su cika duniya da kore?"

Ta ƙara wa kowane akwati layi a ƙasa: wanda ya gwada, a wace waya, a wane gari. Ta sa doka cewa akwatin da aka daɗe ba a gwada ba zai koma toka-toka da kansa, kada wani ya dogara da shi. Bilal, wanda har yau ba ya iya haɗa ido da ita sosai, shi ke bi da wayoyin Doguwa da Tudun Wada idan ya je ganin gida. Wata malamar asibiti a Kiru, Zahra'u, takan turo mata hoton duk shafin da ya ƙi buɗewa a wayoyin masu zuwa awo.

Masu duba allon ba su kai na da ba. Sai dai waɗanda suka rage su ne masu gina wa makarantun ƙauye da ƙungiyoyin manoma shafi, kuma sukan kira ta kafin su fara. Tana amsa musu da faɗa, ta tambaye su wayar wa suka gwada, ta ce su je su dawo. A makon jiya wani kamfani ya turo mata saƙo cikin ladabi, yana roƙon ta duba wani jan akwati da ya shafi burauzarsu, wai sun gyara. Ta rubuta musu cewa ranar Laraba za ta je kasuwa, za ta gwada a wayoyin masu sayar da albasa, abin da ta gani shi za ta sa.