Baƙin Man Maraɗi a Sanyin Woodbridge

Wata safiyar Litinin cikin Janairun 2004, hunturunmu na farko a Woodbridge, wani gari a ƙasar Turawa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Inna ta miƙo mini shayin Baba in kai masa gareji. Baba direban tasi ne, kuma tun yana jan mota a Maraɗi bai yarda da baƙin mai ba sai mai kauri. "Man da ya yi ruwa-ruwa ba mai ba ne," haka yake cewa. A zafin Maraɗi da gaskiyarsa. Amma a nan sanyi kan daskarar da man kamar man shanu, inji ya yi ta ƙaƙat-ƙaƙat, sai ya bar motar a kunne rabin awa kafin ya fita. Ran nan iska ta tsananta, sai ya sauke ƙofar garejin wai motar ta yi saurin ɗumi.

Ina shiga ta kicin hayaƙi ya buge ni. Baba na cikin mota, goshinsa a kan sitiyari, carbinsa a ƙasa. Na kira shi sau uku, ko motsi. Na saki kofin na ruga babbar ƙofar garejin, ashe ƙanƙara ta liƙe ta da ƙasa. Na ja, na ja, jiri na ɗibata, ina tunanin yadda za mu yi a ƙasar nan da Inna wadda ko kalmar Turanci ba ta ji. Na zura shebur ta ƙarƙashi, na haye shi da duk nauyina. Ƙofar ta ɗaga. Na murɗe makullin motar na kashe ta, sannan ihu ya fito mini. Maƙwabciyarmu ce ta kira motar asibiti.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wa ya kashe mini mota ba ta gama ɗumi ba?"

Na bar makaranta da wuri. Sai da na haifi uku na koma aji na koyi kanikanci, can na ji cewa mai maras kauri kan zaga inji nan take ko cikin sanyi, minti ɗaya ya isa, a ja mota a hankali. Yanzu direbobin da ke kawo mini gyara, tsofaffi ma ba na raga musu a kan wannan. Baba ya koma Maraɗi, inda mansa ke daidai, ba kuma wanda zan kai wa shayi da safe. Har yau ba na rufe ƙofar gareji, ko da inji a kashe yake.