Tukunyar da Iya Ta Ce In Sauya

Ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma na safe, ina durƙushe a gonar masarar wani abokin mahaifina a Likoro ina ɗibar ƙasa a leda don a kai gwaji, wayata ta yi ƙara. Baba Ƙarami ne, ƙanen mahaifina. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce, “Nura, ka taho Ikara. Iya ta cika.” Daga baya na duba wayar, kiran bai kai rabin minti ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.

Na hau mashin zuwa bakin titi, na samu mota zuwa Makarfi, daga can na sake wata. Na iso ana fito da ita. Na samu salla, na samu rakiya, amma ban ga fuskarta ba.

Iya ita ce Hajiya Asabe, mahaifiyar mahaifina. Ungozoma ce a asibitin gwamnati har ta yi ritaya. Takardar aikinta ta ba ta shekara saba’in da huɗu, ita kuwa kullum cewa take an rage mata biyu ranar da aka ɗauke ta aiki. A safiyar da ta rasu ta sha kokonta, ta ce kanta na juyawa, ta kwanta. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Iyakar abin da na tabbatar ke nan.

Waɗanda suka zo gaisuwa sun faɗi alherinta fiye da yadda zan iya. Na ga mata daga Saulawa da Furana riƙe da hannun ’ya’yan da ita ta karɓa, wasunsu har sun yi gemu. Iya ba ta riƙe suna, amma tana riƙe yadda kowa ya zo duniya. Sai ta dubi ƙaton mutum ta ce wannan da ƙafa ya fito, ya wahalar da uwarsa, a yi ta dariya. Ba ta taɓa barin farcenta ya yi tsawo ba, kuma ba ta taɓa jariri ko abinci sai ta wanke hannu har gwiwar hannu. Akwai maganar da ta taho da ita daga ɗakin haihuwa, ta riƙa yi mana ita a kan komai: “Wanda ya yi kuka ya faɗi damuwarsa. Wanda ya yi shiru shi ake fara dubawa.” Da wannan take gane jikan da bai ci abinci ba, da akuyar da za ta kwanta ciwo.

Ina neman afuwar masu karatu, domin sauran abin da zan faɗa a kan wata shuka ce. Ban san wata hanyar da zan faɗi gaskiya a kan Iya da ni ba sai ta nan.

Wata abokiyar aikinta, Mama Rifkatu, ta ba ta shukar lokacin da za ta koma garinsu a kudancin Kaduna. Ba ta fure mai ɗaukar ido, ba a cin ta, ba a magani da ita. Ganyenta kamar tafin hannun yaro, da ɗigo-ɗigo masu duhu a gefe biyu na jijiyar tsakiya. Da rana ganyen a shimfiɗe suke. Da magariba ta doso sai su miƙe sama su haɗu, kamar mutum ya ɗaga hannu yana roƙo. Shi ya sa Iya take ce mata mai addu’a. Idan ina ɗakin a lokacin, sai ta nuna ta da haɓa ta ce, “Maigida, ka ga ta riga ka. Tashi ka yi alwala.” Maigida take ce mini tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika, tana ƙorafin ta auri mijin da ba ya cefane.

Asalin shukar ƙarƙashin manyan itatuwa ne a dazuka masu zafi da laima, inda rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye. Ni a makaranta na karanta wannan. Iya ba ta karanta ba, ta gane da ido. Ta ajiye ta a kan ƙaramin tebur, taku ɗaya daga taga, bayan labule mai shara-shara. Ruwan sama take tarar mata a wani tulu na daban. Da rani takan sa faranti da tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunyar. Fiye da shekara goma tana haka a ɗakin da kowa ke cewa shuka ba ta rayuwa a ciki.

Da na gama digirina a kimiyyar ƙasar noma na dawo gida, ta ɗaga tukunyar ta nuna mini saiwoyi sun leƙo ta ramin gindi. Ta ce ɗakin ya yi wa baiwar Allah kaɗan, tunda ga malamin ƙasa a gida, in sauya mata tukunya. Na ce to, amma sai na haɗa ƙasar da ta dace, kada in yi kuskure. Na karanta, na rubuta abubuwan da ake bukata, na yi tambaya a Zariya ko ana samun irin ƙasar da ake sayarwa a buhu. Bayan mako guda ta tuna mini. Bayan wani makon ta sake. A karo na uku ta ce:

“Maigida, ni na karɓi haihuwa a bayan a-kori-kura a hanyar Furana, ban jira gado ba. Kai ƙasa kake jira, alhali a kanta kake tsaye?”

Na yi dariya na ce ranar Asabar, in Allah ya yarda. Ta ce Allah ya kai mu. Wannan ranar Lahadi ce, kuma ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Kowa ya san yadda ake yi idan aka yi rasuwa. Ana kwashe kayan ɗaki a shimfiɗa tabarmi don mata masu zaman makoki. Aka fitar da tebur da akwatuna, aka fitar da shukar, aka ajiye ta a tsakar gida kusa da rijiya, inda babu inuwa. Wadda ta ajiye ta ba ta yi laifi ba, a wurinmu shuka ta waje ce. Ni kuwa ina ƙofar gida tare da maza muna karɓar gaisuwa, kwana uku ban tuna da ita ba. A kwanakin nan ba a yi ruwa ba, rana ta buɗe sosai.

Bayan addu’ar uku Baba Ƙarami ya ja ni gefe. Manomi ne tun tasowarsa, kuma shi ne autan Iya. Ya ce ya ga shukar ta yi laushi tun jiya, ya tausaya mata, ya buɗe buhun takin zamanin da ya saya don masara ya zuba mata cikin hannu guda na farin taki, ya bi da ruwan rijiya. “Na ba ta abinci,” in ji shi. “Kada a ce Iya ta tafi an bar abinta da yunwa.” Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Cikin hannu guda na farin taki ya yi wa gindin masara ma yawa. A ƙaramar tukunya ƙone saiwa yake yi. Na san haka sarai.

Washegari da safe na sauya tukunyar. Cikin ganye goma sha huɗu, tara sun bushe sun yi ruwan ƙasa, suna karyewa a hannu. Biyar sun rage, gefensu a naɗe. Na kifa tukunyar a tafin hannuna na bubbuga gindinta, shukar ta fito gaba ɗaya. Ƙasa kusan babu, saiwoyi ne suka zagaye kansu kamar gammo. Na tsoma su a ruwan tulun Iya na wanke takin sau uku. Na sa almakashinta na yanke waɗanda suka yi baƙi suka yi taushi. Waɗanda suka rage farare ba su da yawa.

Sabuwar tukunyar ta fi tsohuwar faɗi da yatsa biyu kawai, domin idan ta yi girma ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Na huda gindinta wuri uku. Ƙasar kuwa, na kwaso ruɓaɓɓen ganye daga ƙarƙashin mangwaron bayan gida, na ɗebi yashi a inda ake gini, na samo buntun shinkafa a wurin maƙwabta, na daka gawayi kaɗan daga madafa. Na duba agogo: minti arba’in. Duk abin da na yi mako uku ina jira yana cikin gidan da kewayensa.

Baba Ƙarami ne ya riƙe mini tukunyar ina zuba ƙasa. Ya tambaya ko ya ƙaro taki. Na ce, “A’a Baba, wanda ka ba ta ya isa.” Ya ji daɗi. Na mai da ita kan teburinta bayan labule.

Yau kwana goma sha ɗaya da sauya tukunyar. Ganye biyu sun ƙara faɗuwa, saura uku. Ina taɓa ƙasar da yatsa safe da yamma, ba ta bushe ba, ba ta jiƙe sharkaf ba. Babu sauran abin da zan yi mata, kowane ƙari yanzu cutarwa ne. Kullum kafin kiran magariba ina shiga ɗakin in zauna a bakin gadon Iya ina kallon ganyen ukun nan. Ba su ɗaga ba tukuna.

Allah ya jiƙan Hajiya Asabe, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi. Hannun da ta sa ta karɓi ’ya’yan mutane, Allah ya karɓe ta da rahamar da ta fi shi taushi. Allah ya ba mahaifina da Baba Ƙarami da sauran ’ya’yanta da jikokinta haƙurin rashinta, ya haɗa kansu a bayanta. Waɗanda suka tako suka yi mana gaisuwa, Musulmi da Kirista, Allah ya saka musu da alheri. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Na saba idan na rubuta rahoto in ware abin da ban tabbatar ba. Ga shi.

Ban san ainihin ciwon da ya ɗauki Iya ba, kuma babu wanda zai sani yanzu.

Ban san ko Mama Rifkatu tana raye ba, balle in kai mata labari. Babu mai lambarta a gidan.

Ban san ko rana ce ta fi yi wa shukar illa, ko takin, ko makonni ukun da na ɓata.

Ban san ko zan taɓa gaya wa Baba Ƙarami gaskiya ba. Kullum da safe yana leƙowa ya tambaya ko takin ya kama, ina ce masa da sauƙi.

Ban san ko shukar tana raye ba. Alamar guda ce, sabon ganye ya ɓullo daga gindi a nannaɗe kamar takarda, kuma hakan kan ɗauki wata guda ko fiye. Takardar kirana zuwa bautar ƙasa ta fito, nan da kwana goma sha biyu zan tafi. Ban san wa zan bar wa tulun ba.