Malam Garba Da Kwalbar Da Na Kulle

Ina gaban allo ina rubuta wa ɗalibai yadda ake haɗa asid kuloraid, masinja ya leƙo ya ce Malam Garba ya cika a gidansa na Bukkuyum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi allin da ke hannuna, kunya ta riga baƙin ciki kama ni.

Malam Garba shi ne babban malamin kemistiri a kwalejinmu ta Gummi, ni kuwa a ƙarƙashinsa na fara aiki. Wannan darasi bai taɓa yarda ya tsaya a allo ba. Yakan ce, "Abin da yaro bai gani ba, hadda ce kawai."

Aikin ba wasa ba ne. Ana zuba sinadarin tayonil kuloraid a kan asid na benzoyik, a ɗumama a hankali, hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya riƙa fita. Injin zuƙe hayaƙinmu ya daɗe da mutuwa, don haka Malam yakan fitar da tebur gindin darbejiya. Sai ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa, ya jera ɗalibai ta inda hayaƙi ba zai same su ba. Shi kuwa duk inda aiki ya ajiye shi, nan yake tsayawa.

Mutum ne da ba ya rabuwa da alwala, sinadarin kuma ba ya shiri da ruwa ko ɗigo. Sai ka ga dattijo yana goge hannu da gemu, yana shanya kwalabe a rana, yara suna dariya. Yakan ce, "Ku yi dariyarku, amma duk wanda ya kawo mini jiƙaƙƙiyar kwalba, mun ɓata."

Da tari ya ci ƙarfinsa ya ajiye aiki, ni ya danƙa wa mabuɗin ɗakin gwaji. Na ji tsoron ƙirjina, na kulle kwalbar sinadarin a kabad. Har yau ɗalibaina ba su san abin ba sai a rubuce.

A wurin ta'aziyya, mai ɗakinsa Inna Hauwa ta sa aka kira ni bakin zaure. Ta ce, "Malam Sani, kullum shina cewa hankalinshi kwance yake, tunda kai ka nuna ma yara aikin nan. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin, kaina a ƙasa. Ban iya gyara mata zancen ba.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Inna Hauwa da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku sa ni a addu'a, kada zaton da bawan Allah nan ya tafi da shi a kaina ya tashi a banza.