Taɓaryar da na doki yayana da ita

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar yayana Sabi'u, kuma ni ce ta ƙarshe da ta ɗaga masa hannu a duniya. Da taɓarya na doke shi, sau biyu. Mutanen unguwarmu a Matameye sun sani, sai dai ba sa faɗa a gabana. Yau zan faɗa da bakina.

Yaya ɗan cin rani ne. Da an kai amfanin gona gida sai ya tsallaka Kano, yana ɗaukar siminti a wuraren gini. A can ya riƙa leƙen masu sa wayar wuta, ya dawo mana yana ji da kansa. Ba abin da ba ya kwancewa, daga rediyo har fanka. Wasu su tashi, wasu mu yi musu sallama. In na tsokane shi da injiniya marar takarda, sai ya yi dariya ya ce ai waya biyu ce kawai, ja da shuɗiya.

Shekarar da ya sayi babur ya gina masa gareji a gefen zaure, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Yana son ƙwan fitila ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Mai gyaran wuta yana nan bayan kasuwa, amma Yaya ya ce abin kunya ne a kira wani yana raye.

Ranar da ya tashi sa fitilun, da safe aka yi ruwa. Kun san halin garinmu, hadari na haɗowa ake ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Yaya ya ce dama ta samu, bari ya gama kafin a kawo. Bai sauke makunnin da ke jikin kontar ba, wato mitar wutar gidan. Don me, tunda babu wuta? Haka kowa ke yi. Ya hau tanon ƙarfe na ajiyar ruwa, ba takalmi, ƙasa a jiƙe, yana fere waya da wuƙa yana naɗe mahaɗa da baƙar leda. Ni ina tsakar gida ina surfen gero.

Mun bar rediyo a kunne yadda muka saba, don mu san in an kawo. Sai kawai na ji ta yi magana. Bayanta na ji wata ƙara kamar ana jijjiga kwano.

Bai yi ihu ba. Na same shi a sandare, hannun dama ya damƙe wayar, na hagu ya manne da ƙarfen rufi. Haƙoransa sun datse harshe, jini na bin gemunsa. Tanon na rawa a ƙarƙashinsa, garejin ya cika da ƙaurin nama. Idonsa a buɗe suke a kaina, kuma har gobe ban sani ba ko yana ganina.

Kontar na zaure, taku goma daga inda nake. Ban san abin da ake dannawa ba, don ba a taɓa nuna wa mace ko ɗaya a gidanmu ba. Abin da na sani shi ne in na kama shi da hannu, mu biyu za a binne. Taɓaryar tana hannuna, busasshen icce. Na doki dantsensa, na ji ƙashi ya ce ƙas, bai saki ba. Na sake ɗagawa da duk ƙarfina, ta same shi a ƙirji. Ya faɗo da baya, ƙeyarsa ta bugi dokin ƙofa. Bai sake motsi ba.

Likita ya ce wutar ce ta tsayar da zuciyarsa, ba dukana ba. Kunnena ya ji, hannuwana ne ba su yarda ba. Tun ranar ban sake daka ba, inji nake kai hatsina. Bayan sadakar bakwai mai gyaran wuta ya duba akwatin wutar gidan, ya nuna mana makarin da ke yankewa da kansa in wuta ta kama mutum. Ashe Yaya ya gaji da yawan faɗuwarsa, ya tsallake shi da guntuwar waya. Ranar na ji haushin mamaci, Allah ya yafe mini. Na shiga ɗaki na yi ta yi masa faɗa ina kuka.

Da zai leƙo yau, na san murna zai yi. Sola a kan rufi, batir a ɗaki, kowane saurayi ya kalli bidiyo a salula ya tashi gwani. Zai ce zamaninsa ya zo ba ya nan. Ni kuwa abin da nake gani, har yanzu da an ɗauke sai mutum ya jawo tano ya hau.

Watan jiya na je gidan. An ɗauke wuta, sai na tarar da ɗansa Nura, wanda shi ma ya dawo daga cin rani, a kan kujerar ƙarfe cikin garejin nan, wayar wuta a hannu. Ban san sanda na fizgo shi ƙasa na kwaɗa masa mari ba, magidanci guda a gaban matarsa. Ya dafe kunci ya daɗe yana kallona.

"Gwaggo, da gaske ne ke kika doki Baba?"

"Ni ce. Sau biyu. Kada ka sa in yi na uku."

Ya nufi zaure ya sauke makunnin, ya kira matarsa ya ɗora hannunta a kai don ta gane wurin, sannan ya fita neman mai gyara.

An sayar da babur tuntuni, dariyar Yaya ma ta fara ɓace mini. Abin da ya rage nasa shi ne yanzu ba macen gidanmu da ba ta san inda ake kashe wuta ba. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ku kuma, in an ɗauke, ku ɗauka tana nan. Ku sauke makunni, ku nuna wa matan gida. Kada ku bar ƙanwarku ba ta da komai a hannu sai taɓarya.