Taswirar da Na Yanka

Matso kusa ka ji, don ko mijina ban taɓa faɗa wa wannan ba.

A gidan hayarmu na Kakuri akwai wani tsoho Ibo, bakanike ne kafin idonsa ya fara mutuwa. Baba muke ce masa. Yana da taswirar Fatakwal ta zamanin Turawa, ba ta asali ba, irin wadda ake sake bugawa a sayar, ɗansa ya aiko masa. Ni da na tsaya a aji uku, jijiyoyin ganye kawai nake gani. Amma in ya shimfiɗa ta a benci kusa da keken ɗinkina, sai gari ya tashi. Ga layin dogon da ke kawo kwal, ga inda jiragen ruwa ke tsayawa, ga kuma bakin wani ɗan rafi inda kakansa ya kafa bukka, lokacin da aka kawo su cike fadama.

"Madam tela, duk nan laka ce da sauro. A kanmu muka ɗauko ƙasar."

"Haba Baba, kai da ko haifarka ba a yi ba?"

"To kan kakana ba kaina ba ne?"

Da damina ɗakinsa ya fara yoyo, ya ba ni taswirar ajiya. Na naɗe na cusa cikin tsofaffin kalandun da nake fitar da yankan riga a bayansu. Ita ma bayanta fari ne. Satin Kirsimeti ɗinki ya yi mini yawa, na zaro takarda na sa almakashi. Sai da na juya hannun rigar da na yanka a takardar na ga rafi a jikinsa. Ragowar kuwa tuni na share, ta bi bola.

A lokacin idon Baba ya riga ya tafi gaba ɗaya. Bayan sabuwar shekara ya ce in kawo masa garinsu. Na ɗauko wata kalanda mai hoton buhun taki na shimfiɗa.

"Kai mini yatsa gidanmu."

Na kama yatsan na ɗora a kan buhun. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Ta yi santsi," ya ce.

"Ajiya ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya soma labarin daga jirgin farko, bai tsallake komai ba. Haka muka riƙa yi duk Lahadi in ya dawo daga coci, ni da ƙaryata, shi da yatsansa, har ranar da aka sa gawarsa a mota zuwa gida.

Hannun rigar yana nan a aljihun kekena. Rafin ya tsira, amma wurin bukkar almakashi ya cinye.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane ƙarfe da taɓi kawai, kana ganin bai san takardar da na ba shi ba?