Mai Sharar Ofishin Koci

A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A intanet kuwa sunansa Koci, wato mai horarwa, kuma shi ya raɗa wa kansa, babu wanda ya tambaye shi shaida.

Ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin inshora, teburinsa dab da ƙofar banɗaki, har ranar da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Ya zaga ofisoshi da takardunsa har takalminsa ya buɗe baki. Daga nan ya gano shafin nan da ma'aikata da masu ɗaukar aiki ke neman juna, ya kuma lura cewa a wurin wanda ya iya ba da shawara ya fi wanda ya iya aiki kasuwa. Baki kuwa Allah ya hore wa Auta shi tun yana yaro. Sai ya shiga rubutu kullum da safe: yadda ake amsa tambaya idan an je neman aiki, yadda ake yi wa oga magana. Wanda ya rasa aiki ya koma koya wa mutane samun aiki. A yi masa adalci dai, wasu sun samu. Suna turo masa takardunsu yana gyarawa, suna biyansa, tukunyar gidansa ta dawo tafasa.

Abin da ya rage shi ne hoto. Koci guda ba zai ɗauki hoto a ɗakin haya mai koɗaɗɗen labule ba, ga igiyar shanyar yara ta ratsa ta bayansa. Sai ya tuna da Yaya.

Yaya ita ce babbarsu. Uwarsu ta rasu Auta yana rarrafe, Yaya ce ta goya shi, ita ta bar makaranta don shi ya yi. Yanzu shara take yi a wani kamfani da ke hawa na uku, kuma mabuɗi yana hannunta saboda ita ke fara zuwa.

"Yaya, ba daɗewa zan yi ba. In zauna a kujerar, ki danna nan, shi ke nan."

"Auta, in aka kama ni fa?"

"Wa zai kama ki? A lokacin ko mai gadi bai gama hamma ba."

Ta harare shi, amma washegari ta bar ƙofa a buɗe. Haka ya samu tebur mai sheƙi, da kujera mai juyawa, da tagar gilashi daga sama har ƙasa. Kafin kowane hoto sai ta jingine sandar goge ƙasa, ta zo ta gyara masa wuyan riga, ta ɗan buga masa kafaɗa, yadda take yi tun ranar da ta fara kai shi makaranta. Hannunta na warin sabulun wanke ƙasa. Ta ce, "To, rufe bakin, ka cika washe haƙora."

Wata safiya ya jingine wayar da tukunyar fure ya ɗauki kansa, sai ga Yaya ta fito a bayansa, a sunkuye, tana matse tsumma a bokiti. Ranar kansa babu komai, shawara ta ƙare. Ya dubi hoton, ya sake duba, shaiɗan ya zauna masa a kafaɗa. Ya rubuta: "Wannan baiwar Allah ita ce ke share mana ofis. Yau na tsaya na tambaye ta lafiyar 'ya'yanta, sai ta yi hawaye, ta ce ba a taɓa tambayarta ba. Shugaba na gari ba ya raina na ƙasa da shi."

Hawaye wai! Yayar da ƙusa ta taɓa sukar ta a ƙafa ta zare da kanta ta ci gaba da tafiya. 'Ya'yan da ya ce ya tambaya kuwa, shi ne kawunsu.

Kafin yamma rubutun ya zaga ko'ina. Mutanen da bai taɓa mafarkin za su san da shi ba suna sa masa albarka. Ya ji daɗi, kuma ya ji kunya, amma daɗin ya fi ƙarfin murya. Ba a jima ba shugabar wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa ta kira shi. Suna so ya yi jawabi a taronsu, idan ya yi kyau ya riƙa horar da mambobinsu. Abin nema ya samu. Sai dai ta ƙara da cewa, "Don Allah ka zo mana da matar nan, muna so mu karrama ta."

Ya tarar da Yaya a ƙofar ɗakinta, ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon bayanta. Ta bar shi ya gaji don kansa.

"Sakatariyar ofishinmu ta karanta mini rubutunka tun ranar," in ji ta. "Yarinyar kirki ce, ta ce ba za ta faɗa wa oga ba. Ita ce kuma ta gano ana nemana a wani taro. Yaushe ne taron?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Yaya, wallahi a wurin zan faɗa musu gaskiya. Zan ce yayata ce."

"Miƙo mini tawul ɗin can, Auta."

Ranar taro ya sa kwat ɗinsa, ya haddace maganar tun daga gida: wannan yayata ce, ita ta raine ni. Zauren otal ne, kujeru sanye da fararen riguna, robar ruwa a gaban kowa. Yaya ta zo ita kaɗai a motar haya. Tana da kayan fita masu kyau, amma rigar aikinta mai ruwan toka ta sa, a wanke a goge, domin ta gane abin da ake son gani.

Ya yi jawabi, aka tafa. Aka kira ta, ta hau matakala a hankali saboda gwiwa. Da ta iso gabansa sai ta rusuna, ita da ta yi masa tsarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, ina wuni?"

Shugabar ƙungiya ta miƙa mata lasifika. "Mama, yaya kike ganin Koci?"

"Mutumin kirki ne. Yana da sammako."

Aka yi dariya. Mai hoto ya ce su matso kusa. A nan idon Yaya ya sauka a wuyan rigarsa da ya lanƙwashe, hannunta ya tafi da kansa, ya gyara, ya buga kafaɗa. Sai ta tuna inda take, ta janye hannun da sauri kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Lasifika tana hannunsa. Maganar da ya haddace tana kan harshensa. Ya dubi wayoyin da aka ɗaga, ya dubi shugabar da ke murmushi, ya tuna da takalmin nan da ya buɗe baki. Ya ce, "Ba komai, baiwar Allah."

Zauren ya ɗauki tafi, har wasu mata suna share ido.

Bayan an tashi ya same ta a bakin titi tana jiran mota, ta rungume bargon da aka ba ta kyauta.

"Yaya..."

"Yi a hankali, ga mutanenka can suna fitowa. Kar ka ɓata abincinka."

Aikin ya samu. Yanzu yana da ɗan ofishinsa na haya, ba ya bukatar mabuɗin kowa. Hoton da take gyara masa wuyan riga ya fi duk hotunansa yawo, shi kuwa idan ya ci karo da shi sai ya kife wayar. Yana zuwa gidanta, ba ya zuwa hannu rabbana, ita ma tana karɓa ta sa albarka, ta zuba masa abinci a kwanon da ya saba ci. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sau da yawa ya buɗe baki, sai ta aika shi ɗauko wani abu.

Idan ya yi sallama yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa, yana jira ko bakinta zai suɓuce ta kira shi yadda take kiransa tun yana bayanta. Sai ta ɗaga labule ta ce, "A'a, Koci ne? Shigo mana."